Ɗalibaina sun maƙale wa hanya ɗaya a lissafi, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da lissafi a Tudun Wada, Zariya, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Yaran nan suna da kaifin hadda, amma da zarar na sauya fasalin tambaya sai su tsaya cik, ko su ɗauko hanyar jiya su cusa ta inda ba ta shiga.

Masana tunanin ɗan Adam sun san matsalar. A 1942 Abraham Luchins ya sa mutane su auno ruwa mudu 100 da tuluna masu cin 21, 127 da 3: a cika babban, a kwashe 21, a kwashe 3 sau biyu. Bayan sun saba, da aka ba su 23, 49 da 3 a ce su auno 20, yawancinsu suka sake bin doguwar hanyar, alhali cire 3 daga 23 ya wadatar.

Na gwada cakuɗa tambayoyi iri-iri, sai masu rauni suka karaya. Shin in bari su ƙware a hanya ɗaya tukuna, ko in cakuɗa tun farko? WAEC ta matso, don Allah wanda ya taɓa shawo kan wannan ya taimaka mini.