Wa zai riƙe bayanan birnin Kano idan hukumomi suka haɗa rumbu ɗaya?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar mulki da na kwamfuta da ke wannan zaure. Ana yawan cewa ya kamata hukumomin da ke yi wa birnin Kano hidima su haɗa bayanansu a dandali ɗaya, ta yadda mai tsara aiki zai buɗe taswira guda ya ga inda gidaje suka ƙaru, inda shara take taruwa, da inda ruwan famfo bai kai ba. A yanzu bayanan filaye suna hannun KANGIS, na izinin gini suna KNUPDA, rajistar adaidaita sahu tana KAROTA, REMASAB tana da nata lissafin na shara, hukumar tara haraji kuma da nata.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Kano ba ta da magajin gari guda mai iko da birnin baki ɗaya. Ƙananan hukumomi 8 ne suka raba shi, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso, yayin da manyan ayyuka suke hannun hukumomin jiha. To, idan an gina wannan rumbu, wa zai riƙe shi, kuma wa zai ce wane ya duba, wane kada ya duba?

Tsohon Ma'aikacin Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, amma akwai wadda ta riga ta: da me za a haɗa bayanan? Gida ɗaya a Kano yana iya fitowa da fuska huɗu a takardun hukuma. A wajen masu filaye lambar fuloti ce, a wajen KEDCO lambar mita ce, a wajen masu ruwa lambar asusu ce, a katin asibiti kuwa sai ka ga an rubuta sunan unguwa da "kusa da masallacin Juma'a". Kwamfuta ba ta da hanyar gane cewa waɗannan huɗun gida guda ne. Lamarin ya fi tsanani a cikin ganuwa, inda gidan gado yake rabuwa kashi-kashi tsakanin magada ba tare da takarda ta canza ba, da kuma unguwannin awon igiya da suka bazu a Ungogo da Kumbotso, inda sau da yawa shaidar ciniki ita ce takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba a kan ƙananan hukumomi, alhali dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Ka ga tun daga tushe aikin ya rabu gida biyu. A ganina, kafin a sayi ko da kwamfuta ɗaya, sai jiha da ƙananan hukumomin 8 sun amince da lamba guda ga kowane gini, wadda kowace hukuma za ta riƙa rubutawa a gefen tata lambar. Ko a New York, inda aka kafa ofishin nazarin bayanai na magajin gari a 2013, babban ɓangare na aikin shi ne daidaita yadda hukumomi daban-daban suke ambaton gini ɗaya. Kuma ba daga sifili za mu fara ba, domin a lokacin yaƙi da cutar shan inna an zana taswirar unguwanni da rugage ta hotunan tauraron ɗan Adam, har ana bin sawun masu rigakafi da wayoyi.

Hajiya Lauya ta amsa:

Baba ya yi magana mai nauyi, sai dai ina so in ja hankali ga ɓangaren doka, domin lambar da za ta sauƙaƙa haɗa bayanai ita ce kuma za ta sauƙaƙa bin diddigin mutum. Dokar kare bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta kafa hukumar NDPC, ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Daga cikin ƙa'idojinta akwai cewa bayanan da aka karɓa domin wata manufa ba za a juya su zuwa wata manufar da ta saɓa da ita ba, kuma idan aka samu kutse mai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Ga inda nake jin tsoro. Matar da ta ba da sunanta da unguwarta a asibitin sha-ka-tafi ta yi haka ne domin a duba ɗanta. Ranar da mutane suka fahimci cewa abin da suka faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ko mai ƙidayar gidaje yana iya komawa hannun mai karɓar haraji, daga ranar za su fara ba da adireshin ƙarya, rumbun kuma ya cika da abin da ba shi da amfani. Saboda haka ban goyi bayan a tara komai a wuri ɗaya ba. Kowace hukuma ta riƙe nata, a rubuta yarjejeniya da ta fayyace abin da za a iya nema, da dalilin nema, da tsawon lokacin riƙewa, sannan duk wanda ya duba ya bar sawu da sunansa. Haka Estoniya take yi da tsarinta na X-Road tun 2001, har ɗan ƙasa yana iya ganin hukumar da ta leƙa bayanansa.

Mai Alƙaluma daga Tarauni ya amsa:

Hajiya, na yarda da ke a kan yarjejeniya da barin sawu, amma tsarin Estoniya yana buƙatar kowace hukuma ta kasance da bayanai tsaftatattu a kwamfuta, da wuta da intanet ba yankewa, mu kuwa har yanzu fayil na takarda ne ke ɗauke da aiki mai yawa. Abin da mai tsara birni yake bukata ma ba sunayen mutane ba ne, jimla ce: yara nawa aka yi wa rigakafi a mazaɓa kaza, motar shara sau nawa ta shiga, gine-gine nawa aka ba izini a bakin magudanar Jakara. Irin wannan za a iya tara shi a Hukumar Ƙididdiga ta Jiha, wadda ba ta karɓar haraji kuma ba ta rushe gini, don haka ba ta da abin da za ta ci da bayanan kowa. Fannin lafiya ya riga ya nuna hanya da manhajar DHIS2, inda asibitoci suke tura jimlar wata-wata ba tare da sunan majiyyaci ba.

Abu biyu nake so a kula da su. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar fiye da mutum miliyan 9, kuma duk wani kaso da za a fitar a yau a kan hasashe yake tsaye, musamman a gefen birni inda gonaki suka zama unguwanni. Sai batun ɗan kwangila, wanda ya fi damuna. Idan kamfani ne ya gina dandalin, a rubuta ƙarara cewa bayanan na gwamnati ne, za a miƙa su a sigar da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kuma ma'aikatan dindindin ne za su riƙe makullin shiga, ba masu riƙe da muƙamin siyasa da ke tafiya da gwamnatinsu ba.

Ɗan Gwale ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Amma Hajiya, ina matsayin shugabannin ƙananan hukumomi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗaɗensu? Za a iya tilasta musu su ba da nasu bayanan?

Hajiya Lauya ta ƙara da cewa:

Malam, wancan hukunci a kan kuɗin da ke fitowa daga asusun tarayya ne, bai taɓa batun bayanai ba. Majalisar Dokokin Jiha tana iya yin dokar da za ta wajabta musayar jimlar alƙaluma, amma tilas ba ta samar da bayanai masu kyau, domin jami'in da aka matsa wa zai cike fom ne kawai ya aiko. Abin da zai sa Fagge ta ba da lissafin rumfunan kasuwa da tashoshin mota da gaskiya shi ne ta san cewa ita ma za ta samu taswirar filaye da jerin izinin gini na yankinta, kuma wakilinta yana zaune a kwamitin da ke amincewa da kowace buƙata, da ƙuri'a daidai da ta wakilin ma'aikatar jiha.