Me ya sa ba a san sunan yarinyar da Vermeer ya zana ba?

Hadiza Zariya:
Assalamu alaikum. Ina nazarin zanen fuskoki na ƙasar Holand a ƙarni na 17, sai na lura cewa wasu hotunan an san sunayen masu su har da sana'arsu, alhali yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u da Vermeer ya zana wajen 1665, wadda ke gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague, ba wanda ya san ko wace ce. Shin sunan ne ya ɓace, ko tun asali ba a damu da shi ba?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Abin dubawa shi ne wanda ya biya kuɗin aikin. Majami'un mabiya Kalvin, wani reshe na Kiristocin Furotesta, ba sa son hotuna a bangonsu, saboda haka masu zane suka dogara ga fatake, likitoci da ƙungiyoyin gari, waɗanda ke biya domin a fitar da kamanninsu yadda kowa zai shaida su. A babban zanen dakarun tsaron Amsterdam da Rembrandt ya kammala a 1642, kowane ɗaya daga cikin dakarun da suka sa a yi aikin ya biya kimanin gilda 100 (kuɗin Holand na wancan zamani), ya ɗara ko ya gaza gwargwadon inda aka tsayar da shi, kuma an rubuta sunayensu a jikin hoton. Yarinyar Vermeer kuwa tana cikin nau'in da ake kira tronie, inda mai zane ke zaunar da wani, ya naɗa masa rawani ko ya sa masa baƙuwar sutura, domin ya gwada gwanintarsa kan haske da yanayin fuska, sannan ya sayar wa duk mai so. Mai saye bai damu da sunan ba.

Bello Maraɗi:
Malam ya yi bayani, amma a ganina iyakar da ke tsakanin tronie da hoton wanda aka san sunansa ba ta kai haka tsauri ba. Malle Babbe da Frans Hals ya zana, tsohuwar nan mai ƙyaƙyata dariya, da mujiya a kafaɗarta da ƙaton kofin giya a hannunta, ana lissafa ta cikin wannan nau'in, amma takardun birnin Haarlem sun nuna cewa mace ce da ta rayu a can, har an tsare ta a gidan horo na garin. Ita an san ta, sai dai ba ita ta biya ba.

Hadiza Zariya:
Na gode ƙwarai. Ke nan zanen 'yan Afirka biyu da Rembrandt ya yi a 1661, wanda shi ma yake Mauritshuis, da wannan ma'aunin zan duba shi.