Muhawarar zaure: talauci ne ke nakasa mutane, ko ƙaddara ce?

Sagir Rafindadi: Assalamu alaikum. Jama'a ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. Ƙanena mai shan inna aka kira ganawar ɗaukar aiki a wani ofis nan cikin gari. Ofishin yana saman bene, babu hanyar keke, sai matakala. Goya shi na yi, babban mutum da gemunsa, takardar NCE a hannu, masu gadi na kallo. Muna isa wani ya zaro naira 200 ya miƙa mashi, ya ɗauka bara muka zo. Har muka dawo gida bai ce uffan ba. Ni dai na gano nakasar da ta cika titunan Katsina talauci ne ya kawo ta, ba ƙaddara ba. Ku bi daga Ƙofar Ƙaura zuwa bakin kasuwa, ɗan wane mai kuɗi kuka gani yana jan jiki a ƙasa? Talauci ya nakasa mutum, nakasar ta ƙara danna shi cikin talauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ke da nakasa, kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke.

Malam Tukur: Wa'alaikumussalam. Sagir, ka yi istigfari. "Ba ƙaddara ba" fa ka ce. Akwai abin da zai faru a bayan ƙasa ba da ƙaddarar Allah ba? Yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, tana cikin rukunan imani shida. Janye wannan kalma tukuna, sannan a yi magana.

Nura Filin Samji: Gaskiya Malam ya faɗa. Boko ke kai yaranmu ga irin wannan furuci.

Sagir Rafindadi: Allah gafarta Malam, ba haka nake nufi ba. Cewa nake akwai sababi.

Malam Tukur: Abin da ka rubuta muke gani, ba abin da ke zuciyarka ba.

Anti Binta: Malam, da girmanka, a saurari yaron nan. Ni a asibiti nake aiki. Yaron da ƙyanda ta kama alhali yana fama da tamowa, jikinsa ba sinadarin bitamin A, shi ne idonsa ke mutuwa. Ɗan gidan da ake cin ƙwai da kifi ya yi ƙyandarsa ya tashi. Sanƙarau in aka yi jinkirin kai yaro asibiti, ko ya rayu sai ka tarar kunne ya tafi, kuma jinkirin nan yawanci kuɗin mota ne da kuɗin magani. Ku je asibitin Babbar Ruga ku ga matan da ke jiran aikin yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce a ƙauye, kwana biyu ko uku, babu likita kusa. Ɗan ya mutu a ciki, ko ya fito ƙwaƙwalwa ta taɓu, ita kuma miji ya sake ta. Tsohuwa ta zauna a ɗaki makauniya shekara da shekaru kan yanar ido, abin da aikin da bai kai awa ɗaya ba ke cirewa. Duk ƙaddara ce, ban musa ba, amma ƙofar da take shigowa sananniya ce.

Nura Filin Samji: To ai kin ce ƙaddara ce. Magana ta ƙare.

Usman Ɗandaura: Ba ta ƙare ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi addini ne.

Malam Tukur: Usman, a gaban wa ka yi karatu? Kowa ya riƙe waya ya zama mai fatawa.

Usman Ɗandaura: A Daura na yi, Malam, kuma ba yau aka fara karatu a Daura ba.

Hadiza Sabuwar Unguwa: Ni shan innar ma ban yarda talauci ba ne. Ɗigon rigakafi kyauta ake bi gida-gida da shi. A 2003 aka dakatar da shi a Kano kan jita-jitar wai yana hana haihuwa, nan ma mutane suka riƙa ɓoye yara a bayan ɗaki. Sai 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da nau'in cutar na asali. Wa ya yaɗa jita-jitar?

Malam Tukur: Na gane inda kika dosa. Malamai kike so ki zaga, ki fito fili.

Hadiza Sabuwar Unguwa: Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Nura Filin Samji: Yarinya ki iya bakinki, sa'an babanki ne.

Kabiru Mai Gyaran Waya: Ku bari ni da abin ya shafa in sa baki. Kuna ta faɗa kan kalma, ba wanda ya tambayi yadda muke kwana. Ni haɗarin acaɓa ya cinye mani ƙafa. Filin da muka gada aka sayar aka yi jinya, mai ɗakina ta bar sana'ar ƙosanta ta zauna da ni a asibiti. Yanzu inda mai ƙafa zai taka kyauta, ni sai na hau Keke Napep, wani direban ma in ya hango sanduna sai ya wuce. Riba ɗaya muke samu da maƙwabcina a shago, amma tawa rabinta a hanya take ƙarewa. Maƙwabcinmu makaho jikarsa ce 'yar jagora, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, an cire ta daga firamare don ta riƙe mashi sanda. Ita lafiyarta ƙalau, amma nakasar kakanta ta riga ta rubuta mata talauci. Ga waɗanda 'yan bindiga suka raunata a Batsari da Jibiya, manoma ne masu rumbu, yau suna bakin masallatai. Mu ba sadaka muke nema ba, a ba mu hanyar shiga makaranta da ofis da banki.

Usman Ɗandaura: Ai shi ya sa marigayi Baba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Dokar ta ware masu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kafa masu hukuma ta ƙasa a 2020. Shugabanni nawa suka wuce ba su yi ba? Allah ya jiƙan Baba.

Sagir Rafindadi: Amin. Amma dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wa ka ji an hukunta?

Hadiza Sabuwar Unguwa: Ku mutanen Daura komai sai kun jawo Baba. Buhun shinkafa nawa ya tarar, nawa ya bari?

Usman Ɗandaura: Hassada ce ke damun Katsinawa tun fil azal. Kuma mun san jam'iyyarki.

Nura Filin Samji: Mu koma kan ƙaddara. Har yanzu Sagir bai janye ba.

Anti Binta: Ba wanda zai tanka wa Kabiru?

Malam Tukur: Kabiru, Allah ya sa kaffara ce. Amma gyaran aƙida ya fi gyaran matakala muhimmanci.

Alhaji Mannir, shugaban zaure: Salam. Na karanta komai, ga taƙaitawa. An samu matsaya cewa komai ƙaddara ne, kamar yadda malaminmu Malam Tukur ya yi bayani da hujja, kuma ita kanta Binta ta amince da haka. Sagir ɓacin rai ne ya kwashe shi, muna yi mashi uzuri, amma dole ya janye kalmar a fili. Maganar asibiti da Binta ta kawo tana da amfani, sai dai ta masana ce. Batun doka, an tabbatar Baba ya sauke nauyinsa, saura na ƙasa da shi. Hadiza ta ba Malam haƙuri kafin Magariba, in ba haka ba a cire ta na mako guda. Kabiru, ka same ni bayan Juma'a, akwai ɗan abin da zaure zai haɗa maka. An rufe wannan babi.

Kabiru Mai Gyaran Waya: Na gode Alhaji, amma cewa na yi ba sadaka muke nema ba.

Anti Binta: Ni ma Yaya Mannir, rabin maganata ka ɗauka.

Hadiza Sabuwar Unguwa: Usman da ya kira Katsinawa mahassada shi ba za a cire shi ba? Ko don surukinka ne?