Tsofaffin gidajen katako kusa da Manchester, wanne za mu je?

Maman Yara: Salamu alaikum jama'a, yara suna hutu kuma ina so in kai su su ga tsofaffin gidajen nan na katako masu baƙi da fari, don Allah wanne ya fi?

Injiniya: Wa alaikis salam Hajiya. Little Moreton Hall kawai, yana Cheshire kusa da Congleton. Wajen 1504 aka fara shi, aka yi ta ƙari har kusan 1610, ruwa ya zagaye shi sai ta gada ake shiga. Gidan a karkace yake wallahi, don daga baya suka ɗora wani dogon ɗaki a can sama ga rufin dutse mai nauyin tsiya, ginin da ke ƙarƙashinsa ya kasa ɗauka ya lanƙwashe, in kina tafiya a ɗakin za ki ji daɓen yana hawa yana sauka. Ki sa yara su duba saman taga, kafintan Richard Dale ya sassaƙa sunansa da shekarar 1559.

Kawu: Ni dai Speke Hall nake ba ki shawara, Liverpool, dab da filin jirgi. Iyalan Norris suka gina tun 1530, 'yan Katolika ne a zamanin da ake farautarsu, shi ya sa akwai maɓoyar limaminsu a cikin gidan, har da wani rami a ƙarƙashin rufi da barori ke sauraren hirar baƙi kafin a buɗe ƙofa.

Maman Yara: Ikon Allah! To Injiniya katako zalla ne bangon?

Injiniya: A'a, itacen oak ne ƙashin ginin, an haɗa shi da turakun katako, tsakani kuma sai a saƙa tsumagu a yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu, kusan yadda magina ke kwaɓa ƙasa a gida. Baƙin fentin nan ma yawanci zamanin Sarauniya Victoria aka shafa, asali itacen toka-toka yake. Abin da ke burge ni ke nan, laka da ice sun haura shekara 400 saboda ana kula da su.

Anti: In ba mota ku je Bramall Hall a Stockport, shi ya fi kusa kuma akwai filin da yara za su sake. Sauran biyun na National Trust ne, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, ki duba shafinsu tukuna don ba kullum suke buɗewa ba.

Maman Yara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kawu, Speke ɗin ana shiga da keken jariri?