Taƙaitawar shawarwari kan na'urar bibiyar motsin majinyata

Ga abin da aka tattaro daga masu ba da shawara domin ɗaliban injiniya masu ƙera na'urar da majinyaci ke ɗaurawa yayin motsa gaɓoɓi.

1. Kowa ya amince a fara tuntuɓar likitan gashin ƙashi kafin a zana komai.

2. Ma'aunin juyawa (gyroscope, ɓangaren na'urar da ke auna juyawar gaɓa) yakan kauce daga daidai sannu a hankali, saboda haka a haɗa shi da ma'aunin hanzari (accelerometer, mai auna sauyin saurin motsi), a riƙa gwada sakamakon da ma'aunin kusurwa na asibiti (goniometer, wanda ake auna lanƙwasar gaɓa da shi). Madauri mai sako-sako ma yana ɓata lissafi.

3. Ra'ayi ya rabu kan faɗakarwa, wato yadda na'urar za ta ja hankalin majinyaci game da motsinsa. Wasu sun zaɓi girgiza, wasu sauti, wasu kuwa sun ce yawanta yana sa majinyaci dogaro da na'urar, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi.

4. Kada a gwada a jikin majinyaci sai da yardarsa da izinin kwamitin ɗa'a mai tantance binciken da ake yi a kan mutane.