Mamata tana ji amma ba ta gane abin da ake faɗa mata, akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Ƴar Auta:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Yau sati uku kenan da Mama ta faɗi, a asibiti aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya ta ɓangaren hagu. Hannu da ƙafa lafiya lau, da kanta take tafiya, maganar ce kawai ta rikice. Kuma fa ba shiru ta yi ba, zuba take kamar da, muryarta ce sak har da dariyarta, amma kalmomin ba sa haɗuwa, jiya na ce Mama miƙo min kofin can sai ta kalle ni ta ce "eh ai tabarmar ta gudu da safe" ta ci gaba da zancenta. In ƙofa ta bugu tana waigawa don haka ba kurumta ba ce. Yayana ya dage wai taɓin hankali ne, ni dai zuciyata ta ƙi yarda wallahi.

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Ki faɗa wa yayanki hankalinta na nan. Abin da kika kwatanta ya yi kama da afeshiya (wato matsalar magana da fahimtarta saboda ciwo a ƙwaƙwalwa) ta Wernicke, sunan wani likita Bajamushe ne Carl Wernicke da ya yi bayaninta a 1874. A yawancin mutane akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa ta hagu, can saman kunne ta baya, shi ke juya sauti ya zama ma'ana. In jini ya yanke masa kunne zai kawo sautin amma ba mai fassarawa, kamar ki kama tashar rediyo da ake yaren da ba ki taɓa ji ba. Nata bakin ma haka take jinsa, shi yasa ba ta san ta kauce ba. Wurin da ke motsa gaɓoɓi kuma yana can gaba, ciwon bai kai shi ba. Ki nemi likitanta ya tura ku wajen masu gyaran magana tun yanzu, watannin farko su ne aka fi samun sauƙi da sauri.

Baban Yara:
Ƙanwata na san zafin nan, mahaifina ya yi. Har yau ina jin ciwon yadda na riƙa ɗaga masa murya a farko ina zaton bai ji ba ne, shi kuwa fuskata kawai yake karantawa ya ga kamar faɗa nake masa, sai ya juya kai bango. Na koma rubuta masa a takarda nan ma bai yi ba, ashe karatun ma yana taɓuwa. Abin da ya taimake mu, a kashe talabijin, mutum ɗaya ya yi magana ba taro ba, ki zauna tana ganin fuskarki, gajeren zance, in ruwa ne ki ɗaga kofin ki ce ruwa ki jira ta. Kuma kar ki dogara da "eh" ɗinta musamman kan magani ko inda ke mata ciwo, ki sa ta nuna da hannu.

Ƴar Auta:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Baban Yara, maganarka ta sa ni kuka don nima ihun nake mata. Ɗazu na gwada, na ɗaga kofin na ce ruwa, ta daɗe tana kallona sannan ta miƙo hannu ta karɓa. Gobe muna da ganin likita, zan tafi da yayana ya ji da kunnensa.