Don Allah ku taimaka, laftof ɗin maigida ta ce ana leƙen asirina

Maman Tagwaye (Gyallesu): Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a bar wannan ya shiga, tun jiya ban runtsa ba. Ni malamar firamare ce, ina ƙaro karatu a ƙarshen mako, shekarata ta huɗu ke nan don na ajiye zango biyu lokacin da na haifi tagwaye. Furojet ɗina ya kai babi na huɗu. Da can wani shago a Kongo nake kai bugu, yarinyar shagon ta ɓatar min da babi na biyu har sau biyu, na uku kuma ta haɗa min da na wani ɗalibi mai rubutu a kan kiwon kaji, sai a gaban sufabaiza na gani, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga kuɗin Keke kullum. Shi ne Abban yara ya tausaya ya ce in riƙa aiki da laftof ɗinsa in ba ya nan, bisa sharaɗi biyu: kada fulash ɗin kowa ya shiga, kada yara su taɓa. A Kano yake aiki, sai Juma'a yake dawowa. Akwai takardun ofishinsu a ciki da hotunan bikin ƙanwarsa, waɗanda babu su a ko'ina sai nan.

Jiya bayan isha'i an kawo wuta, ina neman wani abu a intanet, kawai sai sikirin ya cika da shuɗi da ja, ga tambarin Microsoft, ga ƙara kamar jiniyar motar asibiti, wata mata tana ta maimaitawa da Turanci wai kada in kashe kwamfutar. An rubuta cewa an gano manhajojin leƙen asiri guda 5, ana kallona ta kyamara, ana kwashe kalmomin sirri. Ga agogo yana ƙirga minti biyar zuwa ƙasa. Na nemi inda zan rufe na rasa. Na dai bi abin da suka ce. Yanzu ƙarar ta daina, amma ɗan ƙaramin saƙo yana ta fitowa a kusurwar dama ta ƙasa. Tambayata ita ce: wa yake kallona, kuma tun yaushe? A uwar ɗaki nake aikin nan, ko ɗankwali ba na sawa.

Hajiya Tudun Wada: Innalillahi. Allah ya rufa asiri ƴar nan. Ki rufe ta ki sa a ƙarƙashin gado tukuna.

Injiniya na PZ: Wa alaikumus salam Malama. Babu wanda yake kallon ki. Shekara 14 ina gyaran kwamfuta, irin wannan ba na iya ƙirga nawa aka kawo min. Abin da kika gani talla ce, shafin intanet ne aka yi wa ado ya yi kama da gargaɗin Windows, aka sa ya cika sikirin don ki rasa madannin rufewa. Shafin intanet ba shi da ikon bincike cikin kwamfutarki. Wancan layin da kika ga yana gudu yana jero sunayen bairos, hoto ne mai motsi, kowa ya shiga shi zai gani, ko da yau aka ɓare kwamfutar daga kwali. Microsoft da kansu sun sha faɗa cewa gargaɗinsu na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya a ce ka kira. Da kin danne Esc na ɗan lokaci, ko Alt da F4 tare, da an wuce wurin. In ya ƙi, Ctrl da Shift da Esc, jerin manhajojin da ke aiki zai buɗe, ki kashe Chrome daga can. Amma kin ce kin "bi abin da suka ce". Nan gizo yake saƙar. Me kika danna, me kika sauke, me kika rubuta?

Maman Tagwaye: Injiniya na gode, amma ba na jin talla ce. Sun rubuta Kaduna ɓaro-ɓaro, sun rubuta Windows 10. In ba sa ganina ta ina suka san haka?

Ɗalibi daga Samaru: Anti, wannan kowane shafi yana sani. Burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome, ita take faɗa wa shafi irin na'urar da kike kai, lambar haɗinki da intanet kuma tana nuna yankin da kike, kusa-kusa. Ni da datar waya wani lokaci Legas yake ce min nake, ina zaune a Samaru. Irin wannan ya taɓa fito min a waya, wai ya samu bairos a Drive C, ma'ajiyar da ke cikin kwamfuta. Waya kuwa ina ta ga Drive C? Tun ranar na daina jin tsoronsu.

Mai POS Kwangila: Ku dai kada ku tura baiwar Allah wajen masu gyara. Bara na kai tawa wani shago a Sabon Gari, fanka kawai ke ƙara, ta dawo min tana tafiyar kunkuru. Ashe an zare min RAM mai 8 an maƙala mai 4. Na koma ya rantse da Allah haka ta zo. Har yau ban yafe ba, mu haɗu a can.

Injiniya na PZ: Mai POS, a kowace sana'a akwai ɓata-gari, ku ma mun san masu cire dubu biyar su ce bai fita ba. Mu bar wannan. Malama, har yanzu ba ki amsa min ba. Abin nan ba sabo ba ne kuma ba ke kaɗai ya ci ba. A Disambar 2008 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka wani kamfani mai suna Innovative Marketing a kotu, masu WinFixer da XP Antivirus. Da irin wannan binciken ƙarya suka yaudari mutum sama da miliyan ɗaya, kowa ya biya wajen dala 40 don a cire masa cutar da babu ita. A 2012 kotu ta yanke wa ɗaya daga cikinsu biyan dala miliyan 163. Turawan da suka ƙera kwamfutar ma ya ci su. Saboda haka ba abin kunya ba ne, faɗi kawai.

Maman Tagwaye: To da farko wani ɗan akwati ya fito a sama na danna Allow. Sai na danna Scan Now, wani abu ya sauka, na buɗe, ya tambaya na ce Yes. Ya yi ta juyawa ya ce ya samu matsala 214, sai an biya dala 49 zai goge. Lambar wayar ta ƙasar waje ce, na kira sau biyu katina ya ƙare kafin a ɗauka. Ku fahimce ni, agogo yana gudu, tagwaye sun farka suna ihu saboda jiniyar, ga takardun ofishin mutum. Duk wadda ke wurina abin da za ta yi ke nan.

Injiniya na PZ: Ƙarewar katin nan rahama ce. Da sun ɗauka, cewa za su yi ki sauke AnyDesk ko TeamViewer su "gyara" daga can, daga nan linzami ya koma hannunsu kina kallo. Amma tunda kin buɗe abin da ya sauka kin ce Yes, magana ta ƙare: fomat. A kwashe takardu, a goge komai, a sa sabon Windows. Duk wanda ya ce miki akwai wata hanya, bai san aikin ba.

Malama daga Hanwa: Injiniya a yi haƙuri, akwai wata hanya, kuma na bi ta a kwamfutocin makarantarmu. Maman Tagwaye, saƙon da ke fitowa a kusurwa daga Allow ɗin nan ne, izini kika ba shafin ya riƙa turo miki sanarwa. Ki shiga saitin Chrome, wajen sanarwar shafuka, za ki ga wani suna baƙo, ki cire shi. Sannan ki duba jerin manhajoji ki tsara su bisa kwanan wata, wadda ta shiga jiya ki cire ta. Windows 10 yana zuwa da nasa mai gadin, Defender, ki sa ya yi cikakken bincike, ki ƙara da Malwarebytes na kyauta daga shafinsu na asali. Yawancin waɗannan na "biya in goge" a nan suke ƙarewa. In bayan haka abin ya ci gaba, sai a yi zancen fomat. Ba a yanke ƙafa don ƙaya.

Injiniya na PZ: "Yawanci" kika ce da bakinki. Ragowar fa? Wasu suna shigowa da abokin tafiya mai kwashe duk kalmar sirrin da aka ajiye a burauza. Kwamfuta mai takardun ofis za a yi wa yawanci? Ga shi Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, dama ta isa a taɓa ta. Ni na faɗi tawa.

Abban Shago, Ƙofar Doka: Ku sa mata Smadav mana, mu shi muke sawa tun da can.

Injiniya na PZ: Smadav na fulash ne Alhaji, shi kansa bai ce shi babban mai gadi ba ne.

Maman Tagwaye: Fomat kam ba zai yiwu ba. Ya shirya komai yadda yake so, hoton Umma ne a fuskar sikirin, ko gunki ɗaya ya gusa sai ya lura. Ni dai har yanzu zancen kyamarar ne ya tsaya min. Makon jiya ƙaninsa ya ari laftof ɗin na kwana biyu, kuma Allah ya sani ba ma shiri da matarsa tun rabon kayan suna. Ba zargi nake ba, amma dai.

Hajiya Tudun Wada: Ai ƴar nan ba ki yi ƙarya ba. Ni facalata har wayata ta taɓa ɗauka ta tura wa kanta hotunan lefen ɗiyata, kafin a kawo kaya rabin dangi sun gani suna ta tsegumi wai akwatuna shida ne kawai. Shekara uku ba mu gaisa ba. Mutum mugun icce ne.

Ɗalibi daga Samaru: Hajiya don Allah kada a ɗora wa bawan Allah laifi. Wanda ya dasa maka abin leƙe ba zai kunna jiniya ya sanar da kai ba. Anti, a galibin laftof akwai ƴar fitila kusa da kyamara da ke kamawa in tana aiki. Kin taɓa ganin ta a kunne? Kuma wane shafi kike kai lokacin? Irin tallar nan a shafukan sauke fim da waƙa da littattafan kyauta ta fi yawa.

Maman Tagwaye: Ban lura da fitila ba. Shafin kuma ba shi ne matsalar ba, kowa yana shiga.

Malama daga Hanwa: An bar jaki ana dukan taiki. Ƴar uwa, dala 49 ɗin nan, kin sa katin ATM ko ba ki sa ba?

Maman Tagwaye: Na sa, amma bai wuce ba, ya rubuta Error. Kuma ban ba da PIN ba, ni ma na san wannan.

Injiniya na PZ: Lambobin gaba, ranar ƙarewa, da ukun nan na baya, kin rubuta su? To kin ba da katin. Shafukan sayayya na waje da yawa ba sa neman PIN, wasu ko OTP ba sa nema. Error ɗin ba ya nufin ba su ajiye lambobin ba, wani lokaci ma da gangan ne don ki gwada kati na biyu. Ki bar kwamfuta yanzu, ki toshe katin. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa a waya, ko ki kira wadda ke bayan katin. Minti biyu ne. Alat ya shigo miki?

Maman Tagwaye: Alat ɗin ba wayata yake zuwa ba. Katinsa ne, na cefane da yake bar min.

Mai POS Kwangila: Tirƙashi. To Maman Tagwaye ki zo da shi yanzu a zare abin da ke ciki, in ɓarawo ya zo ya tarar da wayam.

Malama daga Hanwa: Ya ga alat an kwashe kuɗinsa da tsakar rana ba bayani? Kuma albashi in ya faɗo ciki fa? Ki kira shi kawai. Ki ce talla ta yaudare ki, ya toshe kati, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa da duk abin da ya ajiye a Chrome, daga wayarsa, ba daga laftof ɗin ba. Faɗan yini ɗaya ne.

Hajiya Tudun Wada: Ke Malama ba ki san maza ba. Ba kowace magana ake yi a waya ba. Ki bari ya dawo ya ci ya ƙoshi, ki yi masa dambun da yake so, sannan.

Injiniya na PZ: Yau Laraba. Kafin dambu ya nuna an gama da asusun.

Maman Tagwaye: Ba ku san shi ba ne. Ba mai faɗa ba ne, shiru zai yi, kuma shirun ya fi duka ciwo. Sharaɗi biyu ya gindaya min, ban karya ko ɗaya ba, fulash bai shiga ba, yara ba su taɓa ba. Kuma da an cire wani abu ai da ya kira ni tun safe. Ɗazu muka yi waya lafiya lau, har yana tambayar tarin Hassan. Na liƙa baƙin salatif a kyamarar. Malama, wajen sanarwar da kika ce, a wane layi yake? Na ga abubuwa da yawa.

Injiniya na PZ: In dai kati ba a toshe ba, ni na cire hannuna.

Malama daga Hanwa: Ɗigo ukun nan na sama ta dama, Settings, Privacy and security, Site settings, sai Notifications. Amma ki kira shi tukuna, don Allah.

Maman Tagwaye: An ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe caji. Zan duba in an kawo.

Ɗalibi daga Samaru: Anti, babi na huɗun kina da shi a wani wuri dai ko?

Hajiya Tudun Wada: Maman Tagwaye shiru, yau Asabar. Maigidan ya dawo kuwa?